Ranar da Muka Ɓoye Shanu

Har gobe, in na ji mai karanta labarai ya ce wai bayan cikakken bincike gwamnati ta yanke shawara, sai raina ya ɓaci. Jikokina sun riga sun sani. Da an fara, ɗayansu zai tashi ya rage muryar rediyon tun kafin in soma faɗa da akwati. A ganinsu rigimar tsufa ce. Ni kuwa ina da dalili, kuma dalilin yayana ne.

A Fatakwal aka haife mu, ni da shi. Mahaifinmu dillalin shanu ne a kara, kasuwar dabbobi da ke bayan layin dogo, inda jirgin ƙasa ke sauke shanun da aka yi lodinsu daga Arewa. Fatake kan sauka a gidanmu, a ba su ɗaki da abinci, shi kuma ya sayar musu da shanunsu ga mahauta. Shi ne ya haƙa rijiyar da ke tsakiyar karar, kuma kowa ya shaida ruwanta ba ya ɗanɗanon gishiri kamar na sauran rijiyoyin garin. Da rikici ya ɓarke muka gudu Arewa da kayan jikinmu kawai. A can Allah ya karɓi ransa, bai ga ƙarshen yaƙin basasar ba.

Ana gama yaƙi Yaya ya ce mu koma. Dangi suka ce mun haukace, wa ke komawa inda ya tsira da ƙyar. Amma mu can ɗin da ake kira gida baƙi muke, har Hausarmu ake kwaikwaya ana dariya. Ni a lokacin aurena ya mutu, ina da 'ya a goye, ba abin da ya riƙe ni. Muka hau jirgi muka dawo.

Abin da muka tarar a karar ba ya faɗuwa. Ciyawa ta fi mutum tsayi, turakun da ake ɗaure shanu duk sun ruɓe, rijiyar Baba cike da gwangwanaye da tsummoki da abin da ban so in tuna ba. Yaya da kansa ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga ya yashe ta. Sannu a hankali sauran dillalai suka riƙa dawowa, wani da iyalinsa, wani shi kaɗai saboda ba sauran iyalin. Ni kuma na kafa rumfa a jikin masallacin kara, ina sayar da kunu da safe, tuwo da miyar kuka da rana.

Ba a daɗe ba kuɗin mai ya zubo wa garin. Wanda a da sai ranar Lahadi yake ganin nama a tukunyarsa, ya koma kullum sai ya ci. Mahautan kasuwar Mile One tun duhun asuba suke zuwa suna rububin sa mai ƙiba. Taragu su zo maƙil, kafin la'asar an kwashe. Ni kaina sai da na ƙara tukunya. Yaya kuwa ya gaji fataken Baba kaf, ya ƙara da nasa, kuma ko da yake ba shi ne babba a shekaru ba, in ya yi magana a taro dattawa kan yi shiru su saurara. Mutum ne da ba shi da gona, ba shi da mota, jarinsa kawai shi ne an yarda da maganarsa.

Wata rana da hantsi sai ga masinja a kan keke, sanye da kakin gwamnati. Ya tsaya gaban sarkin zango, dattijon da ke shugabantar karar, ya ce mako mai zuwa manya za su zo ƙirga shanu. Sarkin zango ya tambaye shi dalili, ya ce shi ɗan aike ne. Aka ce wa ya aiko shi, ya ce ofis. Aka ce wane ofishin, ya nuna cikin gari da haɓarsa. Aka miƙa masa goro ya ce ba ya ci, aka kawo tsire ya karɓe ya naɗe a takarda, ya hau kekensa ya tafi. Iyakar bayanin da gwamnati ta taɓa yi mana ke nan kafin ta taɓa rayuwarmu.

Wanda bai tashi a gidan shanu ba, ba zai san abin da kalmar ƙirga ke yi wa cikin mai shanu ba. Tun zamanin kakanninmu, in ka ga mutumin hukuma yana nuna saniya da alƙalami, to jangali ne, harajin da ake ɗora wa kowane kan dabba. Kuma tun zamanin maganin ɗaya ne, kafin ya iso an kora rabin garke cikin daji. Ba a ma ɗaukar abin ƙarya, hankali ake ɗaukarsa, uba ke koya wa ɗa. Mu kuma ga ƙarin tsoro a kanmu. Ba mu daɗe da dawowa ba, filin karar ba shi da wata takarda sai dai kowa ya san namu ne, sannan soja ke mulki, ba wanda za ka je ka yi wa tambaya.

Bayan la'asar maza suka zauna a masallaci. Bangon masallacin kwano ne, ni kuma rumfata a jikinsa take, don haka ko tari aka yi a ciki ina ji. Yaya ne ya fara furta maganar, wannan ban musa ba. Ya ce a yi yadda iyaye suka saba, a janye shanun a bar kaɗan. Amma tunda yau ni ke riƙe da alƙalami, bari in rubuta abin da aka manta daga baya. Ba mutum ɗaya da ya ce a'a. Sarkin zango ya ce abin da ke ransa ke nan. Liman ya ce Allah ya rufa asiri, aka shafa. Wani dillali mai ƙaton tumbi, wanda za ku sake jin labarinsa, shi ne ma ya kawo wurin ɓuyan, wata gonar kwakwar manja a hayin layin dogo da aka yi watsi da ita tun lokacin yaƙi.

Ranar da za a zo, ana sallame sallar asuba 'yan kore suka fara kwance shanu. Aka tsallaka da su layin dogo rukuni rukuni, ba ihu ba bulala, har aka shige da su cikin kwakwar. Aka bar ramammu da tsofaffi da wata gurguwar saniya da ba mai saye. Kuma mutanenmu in za su yi abu ba sa yin rabi. Aka tumɓuke turakun da ba kowa a kansu, aka cike ramukan, aka kwashe kashin shanu aka share filin tas. Wallahi ko ni da na tashi a wurin, da na duba sai na ga kamar kasuwar da ke shirin mutuwa.

Wajen hantsi motar gwamnati ta iso. Su huɗu ne, har da wani Bature mai gajeren wando wanda rana ta riga ta gasa wa wuya. Wani saurayi mai tabarau ke riƙe da littafin. Suka ƙirga 'yan shanun, ba su sha wahala ba. Suka zura awo cikin rijiyar Baba, suka leƙa lambatu suna toshe hanci, Baturen ya ɗauki hotuna. Dattawanmu na biye da su a ladabce, kowace tambaya aka yi sai su ce kasuwa ta mutu, ana dai lallaɓawa. Ni na kai musu kunu, kuma da yake buroka, Turancin kasuwa, a bakina take tun ina yarinya, na tambayi mai tabarau me za a yi da wannan ƙirgen. Ya ce aikin tsare-tsare ne. Na ce tsarin me. Ya yi murmushi ya ce kunun ya yi daɗi. Na ce to za mu ji sakamako? Ya ce za mu ji.

Da yamma da aka dawo da shanu, karar nan kamar ranar salla. Ana ta kwaikwayon tafiyar Baturen, ana tafawa. Mai tumbi ya kama hannun Yaya ya ɗaga sama, ya ce wannan kai ba na banza ba ne, Baba bai mutu ba. Ranar ko kwano ɗaya na tuwo bai kwana ba.

Watanni suka wuce ba jangali ba labarinsa, har muka fara mantawa. Sai aka kira sarkin zango cikin gari aka karanta masa wata sanarwa. Karanta masa aka yi, ba a ba shi ba. Wai saboda lafiyar jama'a da ci gaban gari, kuma bisa rahoton ƙwararru da suka yi cikakken bincike, an tashi kara daga bayan layin dogo, an mayar da ita bayan gari, bakin ruwa. Har an gama gina mana sabon wuri ma, a matsayin gata.

Muka ɗunguma muka je gani. Gaskiya an kashe kuɗi. Daɓen siminti, shingen ƙarfe, famfo, har da fenti. Sai dai wurin ɗan mitsitsi ne. Kowa ya tsaya yana auna shi da ido, kuma kowa ya ga abu ɗaya, an gina shi daidai yawan ramammun shanun nan da muka bari a fili. Na ga kawuna suna juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa inda Yaya yake tsaye. Shi kuwa ya kafe idonsa a kan famfon, bai ɗago ba har muka bar wurin.

Amma akwai wata magana da ta hana ni barci. Wani mai gadin layin dogo, ɗan garin, wanda yakan sha kununa, ya rantse mini cewa tun kafin masinjan nan ya zo ya ga wasu mutane suna kafa ƙananan turaku masu jan fenti a gefen tsohuwar kara. Da ya faɗa sai na tuna ni ma na taɓa tuntuɓe da irinsa a bayan rumfata, na ɗauka wasan yara ne na cire na sa a murhu. In haka ne, to an riga an yanka filin tun kafin a ƙirga ko saniya ɗaya, zuwan Bature da littafi duk cika ƙa'ida ne. In kuma ba haka ba ne, to shawarar Yaya ce ta cinye mu. Labari biyu ne, kuma abin da zai raba su yana can a rubuce a cikin rahoton da aka ce ƙwararru sun yi.

Yaya ya dage sai an je an gani. Aka shirya shi da sarkin zango, sai kuma ni a matsayin tafinta. Dattawa ba su so a ce mace ce bakinsu ba, amma wanda ya fi su buroka a cikinsu in ya ga kaki harshensa sarƙewa yake, ni kuwa ba a taɓa yi mini wannan shaidar ba. Na ci ado na yafa gyale muka tafi.

Kai, mun ga gari. Wannan ofis ya ce ba nasa ba ne, na gaba ne. Na gaba ya ce kwamiti ne ya yi aikin, kuma an rushe kwamitin. Wani akawu ya ce mu rubuto, muka sa aka rubuta muka kawo, ya ce wanda zai karɓa ya tafi kwas. Ga gine-gine sababbi fil, ga motoci a jere ko ledar kujerunsu ba a cire ba, amma a rasa mutum ɗaya da zai ce ga abin da aka gani a kasuwarku. Sarkin zango tsoho ne, ƙafafunsa har kumbura suka yi saboda hawa bene. A ƙarshe wani mahauci da ke kai nama gidan wani babban jami'i ya roƙa mana alfarma aka ba mu izinin shiga.

Ɗakin sanyi ƙalau kamar cikin randa. Jami'in ya karɓe mu da fara'a, ban ɗauke masa wannan ba, har ya gwada gaishe mu da Hausa, ya ce ya taɓa zama a Arewa. Sarkin zango ya jero gaisuwa yadda ta kamata. Ana gamawa Yaya ya juyo gare ni.

"Gaya masa mun ɓoye shanu ranar ƙirge," in ji shi. "Gaya masa ni na kawo shawarar. In hukunci ne a yi mini, amma a dawo a sake ƙirgawa."

Sarkin zango ya fara wani tari da ba na ciwo ba. Ni ma na tsaya ina kallon Yaya, don ba mu shirya haka ba. Ya ce in faɗa kawai, na faɗa. Jami'in ya jingina da kujera ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro. Ya ce an rufe wannan babi, ƙwararrun sun koma ƙasarsu, gini kuma an riga an yi. Ba maganar hukunci, ba kuma maganar sake ƙirge.

Yaya ya ce to ya ji. Ya ce in roƙe shi abu ɗaya, ba sai an dawo mana da fili ba, a dai gaya masa, yawan shanun da aka gani ne ya sa aka tashe mu, ko dama an riga an ba wani filin? Na juya maganar yadda ya faɗe ta, ban ƙara gishiri ba. Jami'in ya ce rahoton na gwamnati ne, ba a nuna wa kowa, amma mu kwantar da hankalinmu, ƙwararru sun duba abubuwa da yawa. Na ce ya faɗi ɗaya daga cikin abubuwan. Ya ce suna cikin rahoton. A nan ne haƙurina ya ƙare, na daina tafinta na koma kaina.

"Ranka ya daɗe," na ce masa, "kai da kanka ka karanta shi?"

Fara'ar ta ɗauke nan take. Ya danna ƙararrawa, masinja ya shigo ya buɗe mana ƙofa. Da na dube shi da kyau, ashe mai keken nan ne da ya ci tsirenmu.

Har yau in na tuna, sai in tambaya. Shanun wa aka ƙirga? Rijiyar uban wa aka auna? A kan wa aka yi rubutun? Da sirrin bariki ne ko na bindiga, sai in ce to. Amma fa shanu da lambatu suka zo suka duba, shi ne ya zama abin da ba a nuna wa masu shanun. Ban ce mun yi daidai ba. Mun yi wa hukuma wayo, kuma wayon banza ne. Amma a cikin duhu aka bar mu muka yi shi. Da an ƙara wa masinjan nan jimla ɗaya tak, a ce za a gina muku sabuwar kara ne ana so a san girmanta, wallahi da har ɗan maraƙin da ke ciki sai an nuna musu. Da kuma an zo inuwar masallaci an karanta mana abin da suka rubuta kafin a zuba siminti, da a take wani ya miƙe ya ce ranku ya daɗe akwai gyara, ko da kunya za ta kashe shi. Ba a yi ko ɗaya ba. An ƙirga mu kamar yadda aka ƙirga shanun, ba wanda yake yi wa saniya bayani.

Muka koma bakin ruwa don dole. Shingen ya cika tun kafin a sauke tarago guda, sauran shanu suna tsaye a waje cikin laka har gwiwa. Ruwan wurin irin mai cika ya janye ne, in ya cika har gindin murhuna yake zuwa. Ga ƙudan tsando, cizo ɗaya ya sa wa saniya ciwon sammore. Sa ya sauka daga jirgi da ƙibarsa, kafin a yi ciniki ya fara zubar da hawaye yana ramewa a tsaye. Tashar jirgi kuma ta yi nisa, sai an ratsa da garke ta tsakiyar gari, direbobi na zagi, 'yan sanda na tarewa. Fatake ba wawaye ba ne. Da yawa suka riƙa tsayawa a Inugu, wasu suka karkata Anacha, suka ce gara su sayar a kasuwar Head Bridge ta can su huta.

Ba wanda ya taɓa zagin Yaya a fuskarsa, da ma an yi hakan da ya fi sauƙi. Gaisuwa ce ta gajarce. Wanda a da zai tsaya ya tambayi iyali da gajiya da kasuwa, ya koma ɗaga hannu daga nesa. In ya buɗe baki a taro, sai wani ya tuna yana da uzuri. Fataken da suke sauka a gidanmu tun zamanin Baba suka fara sauka gidan mai tumbi, suna cewa ba don komai ba, ya fi kusa ne. Samari suka laƙa masa wani suna na shaƙiyanci, wanda ko a takarda ba zan maimaita ba. Mai tumbin nan kuwa, wanda ya nuna gonar kwakwa da yatsansa, shi ya fi kowa yawan cewa dama shi tun farko hankalinsa bai kwanta ba. Sau biyu ina tare shi a gaban mutane, Yaya yana hana ni.

Bayan kamar shekara aka kewaye tsohuwar kara da waya, aka jibge manyan bututun aikin mai a ciki, tsibi tsibi. Rijiyar Baba aka toshe bakinta da siminti. Na ja Yaya har wurin, na ce ya buɗe ido ya gani, filin suke so, ko shanun duniya muka tara a ranar sai sun tashe mu. Ya daɗe yana leƙe ta cikin wayar. Sannan ya ce ko da za a tashe mu, ai da ba a gina mana ƙarami haka ba. Wata rana kuma shi da kansa zai zo rumfata ya ce ya yi tunani, mai yiwuwa kuɗin ginin aka ci shi ya sa ya ƙanƙance, ba ruwan ƙirge. Ya ɗan sake, ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Kwana biyu sai ya dawo ya ce a'a, girman ya yi daidai da ramammun da yawa, ba zai zama dace ba. Haka ya riƙa juya maganar nan shekara da shekaru, tana cinsa ina kallo.

An ma sake aiko masinja bayan wasu shekaru, wani dabam, shi ma ɗan aike ne bai san dalili ba. Wannan karon ba wanda ya nemi shawarar Yaya. Aka tara duk wata dabba mai ƙafa huɗu, har aron shanu aka yi daga wani gari don a cika ido. Aka zo aka ƙirga aka tafi. Wannan ko sanarwa ba mu samu ba, ba mu san ko mun ci ko an cinye mu ba.

Da ciwo ya kama shi, ƙafafu suka fara kumbura, sai ya ce zai koma Arewa, yana so a binne shi kusa da Baba. Kafin ya tafi ya yi abin da mai doguwar tafiya ke yi. Ya ɗauki sanda ya bi karar rumfa rumfa, turke turke, yana neman gafara. Ba ta zaman tare kawai ba, yana ambaton abin da sunansa, yana cewa a yafe masa shawarar da ya kawo ranar ƙirge. Ina tsaye a bakin murhu ina ji. Ɗaya bayan ɗaya suna cewa sun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba wanda ya ce haba, ai tare muka yi. Mai tumbi har da dafa masa kafaɗa, yana cewa ba komai, kowa yana kuskure. Ludayin miya na hannuna, Allah ne kaɗai ya riƙe shi.

Ni na raka shi tasha. Na shimfiɗa masa tabarma a cikin tarago, na ajiye masa ruwa da ƙunshin dambun nama a inda hannunsa zai kai. Da aka busa usur na farko ya kamo gefen gyalena.

"Saura ke," ya ce. "Ke ma abin ya taɓa ki. Ki yafe mini."

Na ce na yafe masa dukan da ya yi mini muna yara, na yafe masa auren da ya goyi baya wanda bai yi albarka ba, na yafe masa duk abin da na sani da wanda ban sani ba, duniya da lahira.

"Ban da wannan," na ce. "Wannan ban karɓa ba, Yaya. In na ce na yafe, na ce ka yi ke nan. Ni kuwa ba wanda ya nuna mini rahoton."

Ya dube ni. Sannan ya yi 'yar dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, ya ce bakin nan nawa sai kabari. Ya saki gyalen na sauka.

Bai kai damina ta gaba ba. Kowa a karar ya yafe masa, aka yi masa addu'a a masallaci, mai tumbi a sahun gaba. Ni kaɗai ce ban yafe ba, kuma ina nan a kan bakana. Takardar tana wani wuri a garin nan, in gara ba ta cinye ta ba. Shi dai ya tafi bai san ko ya yi laifin da ya nemi gafararsa ba.